Gajiyar da Aka Kira Ragwanci

Tamanrasset, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Laminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya sauke ku lafiya inda za ku, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da zafin rana. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Labarin gida ba zan ba ka ba, don ba ka yi nisan da za ka yi kewarsa ba tukuna. Na ce wa innarka kada ta miƙa maka takardar sai ka hau mota, saboda na san halinka. In a gabana ne, sunkuyar da kai za ka yi ka ce "to, Baba", alhali ba abin da ya shiga kunnenka.

Jiya ina zaure lokacin da kake ɗaure kaya. Na ga ka ciro ƙullin da innarka ta sa maka, na lemun tsami da garin 'ya'yan kuka, ka tura shi bayan randa. Da ta yi maka magana ka ce, "Haba Inna, aikin hanya za ni, ba kasuwa ba. So kike a riƙa kirana ɗan Baba Lemu har cikin sahara?" Na ji. Na san da sunan. Na san samarin unguwa ne suka laƙaba mini shi don kullum da lemu a aljihuna, kuma na lura kana sauya hanya in ka hango ni ina matsa shi cikin ruwa a bakin masallaci. Su ci gaba da kira. Ba zan daina ba, ba kuma zan ji kunya ba. Amma kai za ka yi watanni a sansanin da ba kasuwa, ba garka ko wani lambu, sai abin da mota ta kawo, don haka dole ka ji inda sunan ya samo asali.

Na zo garin nan da muke kira Tam ina da ƙarfina, na baro innarka a ƙauyenmu kusa da Mirya da cikin yayarka Zuwaira. Na samu aikin lebura a wani shantiye, wato wurin gini, inda ake tayar da bene mai tsawo. Babu injin ɗaga kaya, siminti da bulo duk a kafaɗa suke hawa. Ni ne mai ɗaukar abin da mutum biyu ke ɗauka, har aka sa mini suna Kamiyo, wato babbar motar ɗaukar kaya. In an jibge buhunan siminti a ƙasa, magina na leƙowa daga sama su ce, "Ina Kamiyo?" Ba zan ɓoye maka ba, sunan yana mini daɗi.

Abincinmu kuwa ga shi. Da safe burodi da shayi. Da rana burodi da sardin na gwangwani. Da yamma maka, wato taliya, da mai da gishiri, sai shayi kuma. Haka yau, haka gobe, tun shigowar sanyi har ya fita. Kasuwa cike take da lemu da ake kawowa daga arewa, ga tumatir, ga tattasai, amma wucewa muke yi ko kallo babu. Muna cewa wannan abincin masu zaman inuwa ne, mai aikin ƙarfi abin da zai danne ciki yake nema. A gida ban taɓa tunanin irin waɗannan abubuwa ba, don da kansu suke zuwa. Kana tafiya gona ka tsinki magarya, a dama maka fura da kuka, a yi kwaɗon zogale, a jefa yakuwa a miya, ka bi ta garka a miƙo maka gwaba. Ban san suna yi mini wani aiki ba sai da na rabu da su. Na ɗauka in ciki ya cika, jiki ya samu haƙƙinsa. Ba haka ba ne, Laminu. Mutum yana iya ƙoshi kullum, jikinsa kuma yana jin yunwar wani abu ƙarami da ba ya cikin kwanon. A inda za ka, shinkafa da maka da burodi ba za su yanke ba, za ka ƙoshi. Kada ƙoshin ya ruɗe ka.

Abin bai zo mini da ciwo ba, da nauyi ya zo. Buhun da nake sabawa a kafaɗa ina waƙa sai na ji kamar an ƙara masa yashi. Matakalar da nake hawa ba tsayawa, sai na tsaya a tsakiya ina haki, zuciya na bugawa har cikin kunne. Ban rame ba, ban yi zazzaɓi ba, ina cin abincina. Wanda ya kalle ni zai rantse lafiyata lau. Ina kwana in tashi da gajiyar jiya, in ɗora ta yau a kanta. Ga saurin fushi, ga wani baƙin rai da ban san dalilinsa ba.

Abokina Illa, ɗan wajen Matamaye da muke ɗaki ɗaya, shi ya fara lura. Ya ce, "Isuhu, ba ka sha shayi yadda ya kamata ne. Ƙara sukari." Na ƙara. Da bai yi ba, wani ya kawo mini ƙwayoyin nan da leburori ke haɗiya don kada su ji gajiya. Na haɗiya. Suna toshe gajiyar na ɗan lokaci, in sun sake ka kuma ta dawo ta tarar da kai ka fi da lalacewa. Za a miƙo maka irinsu a sansani, da murmushi za a miƙo maka, kuma mai miƙowar yana ganin taimako yake yi. Ka ce a'a. Gajiyar da ba ta tafiya da barci magana ce jiki yake yi maka, ba a rufe masa baki, tambaya ake yi me ya rasa.

Daga nan dasashina ya fara jini. In na sa asuwaki sai ya fito ja, in na gatsa burodi sai in ga shaida a jikinsa. Wasu tabo baƙi-baƙi suka fito mini a ƙwauri kamar an doke ni. Wani ƙaramin yanka da ƙarfe ya yi mini a hannu ya ƙi rufewa. Duk na ɓoye. Ina saka dogon wando, ina juya baya in zan wanke baki, don kada a ce Kamiyo ya lalace. Wanda duk zai iya gane abin da ke damuna, ni da kaina na hana shi gani. Kada ka yi haka. In ka ga abin da ba ka saba gani ba a jikinka, ka nuna wa mai duba lafiyar sansani tun yana ƙarami.

Mai kula da leburori a shantiyen wani mutumin yankinmu ne, Garba, muna kiransa Shef. Ƙauyensu da na su innarka rafi ne kawai tsakani. Shi ke tsakaninmu da mai ginin don yana jin Larabci. Wata rana da hantsi na kai tsakiyar matakala da buhu, ƙafafuna suka ƙi. Na sauke buhun na zauna a kansa. Garba ya tsaya a ƙasa ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ku zo ku ga Kamiyo ya yi fan, inji ya mutu! Kai Isuhu, hutu ka zo yi Tam?"

Na ce, "Shef, jikina ne ba daɗi."

Ya ce, "Ina ciwon? Nuna mini. Kumatu cike, wuya cike. Ka ci ka ƙoshi, aiki ne ba ka so. Wannan ba ciwo ba ne, ragwanci ne."

Aka yi dariya. Ban ga laifin masu dariyar ba, su ma tsoronsa suke ji. Ya sallame ni a ranar. Da ya tsaya nan da sauƙi. A zamanin babu waya a hannun kowa, kaset ake ɗauka da murya a ba direba ya kai gida, a taru a tsakar gida a saurara. Garba ya aika wa mutanensu kaset, a ciki ya sa labarina, ya ce mijin Mariyama, innarka ke nan, ya zama rago a Tam, sai ci da kwanciya. Kaset ɗin ya zagaya har gaban kakanka, mahaifin innarka. Ita kuwa tana da tsohon ciki, ta je rijiya mata na yi mata kallon tausayi. Da labarin ya dawo mini, Laminu, ban san lokacin da na tashi tsaye ba, sai jiri ya mayar da ni zaune.

'Yan ɗakinmu suka yi shawara. Wasu suka ce jifa ce, an ga ina ƙarfi aka yi mini hassada. Aka kai ni wurin wani malami mai karantar da 'yan ƙasarmu a unguwa. Allah Ya saka masa da alheri, ya yi mini addu'a, ya duba bakina, ya ce, "Addu'a na yi maka, kuma zan ci gaba. Amma wannan ba aikin mutum ba ne, na jiki ne. Ka nemi likita." Ni kuwa a lokacin tsoron gidan likitan gari nake yi, don takarduna ba su cika ba. Sai suka yanke cewa a sa ni a motar da ke komawa Agadas, in je gida in yi jinya.

Illa ne ya zo ya faɗa mini. Ya ce, "An yi magana da direba. Jibi za ku tashi."

Na ce, "Ba ni zuwa."

Ya ce, "Isuhu, mutuwa kake so ka yi a nan?"

Na ce, "In na sauka a ƙauye a haka, ba rauni, ba karaya, me za su gani? Za su ga maganar Garba ta tabbata. Ɗan da za a haifa mini zai tashi ana nuna shi ana cewa ga ɗan ragon nan. Na rantse ba ni shiga motar nan. Ni na san ba rago ba ne. Ban san me ke damuna ba, amma na san wannan."

Wannan taurin kai kam ban yi nadamarsa ba, kuma ina so ka gaje shi. In kowa ya taru ya ba ka sunan da ka san ba naka ba ne, kada ka amsa, ko da ba ka da hujjar da za ka nuna a ranar.

Da Illa ya ga ba zan lanƙwasu ba, sai ya nemo wata hanya. Ya san wani direba mai kawo kayan garka daga Tazruk, garin nan na cikin duwatsu. Direban ya ce wani dattijo Buzu mai suna Ahamuk yana neman wanda zai zauna masa a garka, ya kori awaki, ya buɗe wa ruwa hanya daga wannan fangali zuwa wancan. Aikin zaune ne kusan. Na hau bayan motar cikin akwatunan da babu komai, hanya na jijjiga ni, kowace gaɓa tana ciwo.

Matar Ahamuk, Inna Fati, mutuniyar wajen Agadas ce, tana jin Hausa sarai. Da ta ga yadda na sauko daga mota ina dafa ƙarfe, ba ta tambaye ni komai ba. Zafi ya fara shigowa, garka ta nuna. Da rana ta aiko mini da gurasarsu ta cikin toka, an yayyanka mata ɗanyen tumatir da albasa da tattasai a kai. Na ture ɗanyen gefe na ci gurasar. Da ta zo ɗaukar kwano ta gani, ta ce, "Ɗana, a gidan nan ba a mayar da kwano da saura. Abin da muke da shi ke nan." Don kunya na cinye, bakina na zafi. Gobe ma haka. Ina zaune gindin itacen mishmish, wani ɗan itace mai kama da tsada amma ya fi ta girma da zaƙi, yana faɗowa kusa da ni, Ahamuk ya ce wanda ya faɗo na mai gadi ne. Ina tsinta ina ci don kashe lokaci.

Ban yi tsammanin komai ba. Wata safiya dai akuya ta tsallaka shinge ta nufi fangalin tumatir, na bi ta da gudu, na kama ta, na fitar. Sai da na dawo na zauna na tuna cewa rabona da gudu tun sanyi. Na saurari ƙirjina, shiru, ba haki. Na tashi na sake zagaya garkar da sauri don in tabbatar. Inna Fati tana kallona daga bakin rijiya, ta ce, "Lafiya, ɗana?" Na ce, "Inna, ita nake dubawa."

Ita ce ta matsa sai na je ƙaramin gidan likitan garin, saboda yankan hannuna. Ta raka ni don ta yi mini tafinta. Likitar mace ce, 'yar arewa, ba ta tambaye ni takarda ba. Ta duba dasashina, ta duba ƙwaurina, ta ce in faɗa mata abin da nake ci a Tam. Na faɗa. Ta ce, "Sai me kuma?" Na ce shi ke nan. Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce tun farkon sanyi. Ta ajiye abin rubutunta ta dube ni.

Abin da ta faɗa, ta bakin Inna Fati, shi ne wannan. Akwai wani sinadari da suke kira bitamin C, yana cikin 'ya'yan itatuwa da ɗanyen ganye da kayan garka. Jikin mutum ba ya iya yin sa da kansa, ba ya kuma ajiye shi da yawa, sai an riƙa ba shi a kai a kai. Shi ke riƙe dasashi da fata da jijiyoyin jini, shi ya sa nawa suka saki. Amma tun kafin a kai ga jini, in ji ta, gajiya ce ke fara zuwa. Domin jiki yana bukatarsa wajen haɗa abin da ke kai kitse cikin tsoka a ƙona shi ya zama ƙarfi. In ya yi ƙasa, abincin yana nan a jiki amma ba ya amfanuwa yadda ya kamata, sai aikin da ka saba ya riƙa cin ka fiye da da.

Na ce wa Inna Fati, "Tambaye ta, wato ba ragwanci ba ne?"

Likitar ta yi dariya, ta ce, "Mutumin da ya ci gaba da hawa bene da siminti a wannan hali, ko me za a kira shi, ba rago ba ne."

Laminu, na fito daga ɗakin nan na zauna a kan wani dutse, hawaye na zuba, ba na baƙin ciki ba. Ta ba ni ƙwayoyin bitamin ɗin na ɗan lokaci, ta ce in ci gaba da cin abin da Inna Fati ke ba ni. Jinin ya tsaya, tabon suka washe, hannuna ya rufe. Kafin zafi ya yi nisa ni ke ɗaukar akwatunan tumatir daga garka zuwa mota, ina hawa tudun da ke tsakaninsu ba tsayawa.

A nan ma na yi wata wauta, gara ka ji ta ka yi dariya. Da na ga abin da ƙwayar ta yi mini, sai na ce ashe in na ninka ta zan fi Kamiyon da. Na riƙa haɗiya fiye da yadda aka ce. Abin da na samu shi ne murɗar ciki da zarya bayan garka. Da na koma, likitar ta ce jiki yana ɗaukar abin da yake bukata ne, saura ya zubar. Wanda ya rasa, in ya samu, ƙarfinsa na dawowa. Wanda yake da isasshe, ƙari ba ya mayar da shi doki. Don haka kada wani ya sayar maka da kwalba ya ce ƙarfi ne a ciki. Ƙarfi yana zuwa daga aiki da abinci da barci. Wannan abu dai yana hana a sace maka wanda kake da shi.

Da lokacin komawata ya yi, Ahamuk ya cika mini akwati da tumatir da tattasai. Ban sauka a ɗaki ba, shantiye na nufa da akwatin a ka. Abin da na tarar ya tayar mini da hankali. Illa na zaune a inuwar bango da rana tsaka, ya dafe gwiwa, yana numfashi da baki. Na ce ya buɗe bakinsa, na gani. Wasu biyu ma haka. Na ajiye akwatin a gabansu na ce su ci, ɗanye, yanzu.

Garba ya fito daga ƙarƙashin bene. Ya ce, "A'a, Kamiyo! Tallan kayan miya ka koma?"

Na wuce shi. Na je inda aka jibge siminti, na saba buhu, na hau. Ban tsaya ba sai a sama. Na sauko na ɗauki wani. Magina suka bar aiki suna kallo. Da na sauko karo na gaba, Garba ya gyara murya ya ce, "To, ai shi ke nan. Gobe ka fito da wuri."

Na ce, "Ba aiki na zo nema ba, Shef."

Ya ce, "To me ka zo yi?"

Na ce, "Magana ka aika gida a kaina. Da bakinka ka aika ta, da bakinka za ka janye ta."

Ya ce, "Kai, wasa ne fa. Wa ke riƙe irin wannan?"

Na ce, "Matata ta riƙe. Surukina ya riƙe. Ga rediyo can wurin mai shayi, ga kaset na sayo. Ka faɗa musu ciwo ne ya kama ni, likita ta gani, na warke, kuma ka ga aikina yau da idonka. In ba ka faɗa ba, nan zan zauna a bakin shantiyen nan kullum, duk wanda ya zo daga gida in ba shi labari a gabanka."

Ya duba hagu, ya duba dama, ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Illa ya miƙe da tumatir a hannu ya ce, "Shef, ka faɗa. In shi rago ne, to mu ma ga mu nan, ka aika a faɗa wa namu." Garba ya ja tsaki, ya karɓi rediyon, ya yi maganar. A gajarce ya yi ta, murya ƙasa-ƙasa, amma ya yi. Ni na kai kaset ɗin tasha da hannuna. Innarka ta ce ranar da ya iso, kakanka ya sa aka fito da rediyo ƙofar gida, ba tsakar gida ba, ya ƙure murya. A lokacin an riga an haifi Zuwaira.

Ban koma wurin Garba ba, na samu wani shantiyen. Illa ya warke, su biyun ma haka. Daga wannan shekara duk ɗakin da na zauna, sai an sa ɗanyen abu a gefen kwano, ko da albasa da lemu ne. Ana gunaguni, ana ci.

Yanzu ga abin da nake so da kai. Innarka ta mayar da ƙullin cikin jakarka, yana ƙarƙashin bargo. Lemun ba zai daɗe ba a wannan zafi, ka fara da shi, ka matsa a ruwan sha ko a kan abinci bayan an sauke. Kada ka dafa shi cikin shayi, wuta tana kashe amfanin. Garin kukar shi ne mai jimiri, ka rufe shi da kyau, ka riƙa damawa da ruwa mai sanyi. Ranar da motar kaya ta zo da lemu ko tumatir ko tattasai, ka ci rabonka ɗanye a ranar, kada ka bari sai an dafe shi ya zama ruwa. In an tura wani gari sayayya, ka sa a tuna da su. In abokan aikinka sun yi dariya, ka miƙa musu su ma. Wanda ya fi kowa dariya, ka riƙa lura da shi, in ka ga ya fara zama a inda da yake tsayuwa, ka tambaye shi me yake ci kafin ka yarda da masu cewa ya lalace. Kuma ba kowace gajiya ce wannan ba, akwai ta ƙarancin jini, akwai ta ƙishirwa, akwai ta zazzaɓi. Shi ya sa nake cewa a nuna wa mai sani.

Kai ma wata rana za a iya ɗora ka a kan mutane, don na ga kana da kai. In ranar ta zo, kada kalmar rago ta yi saurin fita daga bakinka. Ba ka cikin jikin mutum, ba ka san da me yake hawa matakalarsa ba.

Abu na ƙarshe. Ranar da ka dawo hutu, kada ka yi shirin kwanciya. Washegari bayan sallar asuba ni da kai za mu hau dutsen Adriyan, tun daga gindi har inda ake hango garin nan duka. Gemuna ya yi fari, kai kuma kana ganiyarka, amma ina gaya maka tun yanzu ba zan jira ka a hanya ba. Ka kula da jikinka a can yadda za ka iya cim mini. In ka riga ni kaiwa sama, zan yi murna fiye da kai. In na riga ka, duk unguwa sai ta ji.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya ba ka ƙarfin aikinka da abokan zama na kirki. Ya tsare maka jikinka da mutuncinka da sallarka. Ya kare ka daga abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, Ya dawo mana da kai a kan ƙafafunka. Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Isuhu